Muryar Da Ke Odar Kasko

Shafi na 23

Masu turo min saƙo kuna cewa na shanya ku tun ranar Laraba, na ji, na kuma karɓi laifina. Ku gyara zama. Wadda ta san zuciyarta ba ta da ƙwari, ta karanta wannan shafin a cikin mutane.

*

Ruwa ya ɗauke tun hantsi, amma garin ya ƙi washewa.

Nabilah na zaune a kan kwali a ɗakin ajiyar kayanta da ke Nyanya, ta zuba wa kantoci ido. Rabinsu wayam. Kaskon turaren wuta, wanda shi ne ya fi tafiya a shagonta na intanet, ko na magani babu. Tun safe masu oda ke kira. Wata uwar amarya daga Gwarinpa har Allah ya isa ta ja mata.

Ba yau ne farau ba, kaya su ƙare ba ta ankara ba. Shi ya sa Prudence, ƙawarta tun makaranta kuma abokiyar kasuwancinta, ta kafe a kan sai sun ɗauki manhajar da za ta riƙa lura da kaya, ta yi oda kafin su ƙare. Sun duba da yawa, biyu suka rage. Ɗaya ta Turawa ce, ita mijin Nabilah, Abdulmajeed, ya ce a ɗauka a huta. Ɗayar kuma ta wani ƙaramin kamfani ce a nan Abuja mai suna Maƙil. Wakilinsu ne Enoch, ga shi nan ya buɗe kwamfutarsa a kan teburin naɗe kaya.

Prudence ta riƙe ƙugu.

"Oga Enoch, ka gaya mana gaskiya. Me naka zai yi wanda na Turawa ba ya yi? Don wancan ya haɗu fa, har zane yana nunawa."

Enoch ya yi murmushi.

"Madam, wancan in kaya ya kusa ƙarewa, imel zai tura wa mai kawo kaya. A cikin matan da ke ginin tukwane a Ushafa, wa kika sani yana buɗe imel?"

Prudence ta taɓe baki.

"Namu kira yake yi," in ji shi. "Hajiya za ta ɗauki muryarta ta ajiye. Manhaja tana ganin abin da ake saya kullum, ta san tsawon lokacin da gini da gashi suke ci, ta san da damina yumɓu ba ya saurin bushewa. In ta ga kasko ya yi ƙasa, ita za ta kira mai ginin, ta saka mata muryar Hajiya. Tsohuwa ta ji muryar da ta sani, ta kama aiki."

Nan ne Nabilah ta ɗago.

"Wannan kam ya yi. Akwai wanda ke amfani da shi haka?"

"Akwai mai sana'a irin taki ma. Bari ki ji nata."

Ya danna.

Aka ɗan yi shiru, sai ƙarar fanka daga cikin kwamfutar. Sai wata mace ta gyara murya.

"Maama Monica, ina wuni. Ni ce. Baƙin kaskon nan mai murfi ya kusa ƙarewa, a sa min hannu. Kar a faɗaɗa masa baki, kin san hayaƙi ba ya son sakewa. A shafa min kan jaririn Felicity."

Wayar da ke hannun Nabilah ta faɗi ƙasa.

Ba ta sunkuya ta ɗauka ba.

"Sake sawa."

"Hajiya?"

"Na ce ka sake sawa!"

Ya sake. Yadda aka ja "Maama" ɗin nan. 'Yar shaƙewar da ke ƙarshen kowace magana. Hayaƙi ba ya son sakewa. Mutum ɗaya ce a duniya take faɗin haka, kuma a gidansu har tsokanarta ake yi da shi.

Mashkura. Yayarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta kafa shagon nan da hannunta.

Mashkura da ta rasu shekara biyu da suka wuce a hanyar Kaduna, a motar Abdulmajeed, ranar da ya rage mata hanya za ta baje kolin kaya. Motar ta kauce ta kama wuta. Shi ya fita da karyayyen hannu. Kafin Nabilah da dangi su isa, ya ce mutanen ƙauyen sun riga sun rufe ta, don abin da wuta ta bari ba ya ajiyuwa. Sabon kabari kawai ya nuna musu a bayan gari.

Prudence ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. Ita ma ta gane muryar.

"Nabilah, tsaya. Tsohon saƙo ne. Ta ɗauka kafin ta rasu, shi ke nan."

Enoch ya dubi wannan ya dubi waccan.

"Wa ya rasu? Madam, kamfaninmu ko shekara bai cika ba. Wannan saƙon satin da ya wuce aka ɗauke shi."

Prudence ta ce, "To kwamfuta ne ya haɗa! Ai yanzu ana satar muryar mutum, a sa shi ya faɗi abin da bai faɗa ba."

"Namu ba ya yin haka. Mai shago ce ke ɗauka da bakinta."

Nabilah ta yi magana a hankali, kamar mai tsoron kar wani ya farka.

"Prudence. Sanda Yaya ta rasu, Felicity 'yar Mama Monica ta yi aure?"



"Ko saurayi ba ta tsayar ba."

"To jaririn wa ake shafa wa kai?"

 Can waje kwandastoci na ta kiran masu zuwa Maraba da Masaka, amma a cikin ɗakin sai ka ce an toshe wa mutum kunne da auduga.

Nabilah ta miƙe ta tsaya a kan Enoch.

"Wace ce mai wannan shagon?"

"Hajiya, doka ba ta yarda in ba da bayanin kwastoma ba."

"Ka shigo har inda nake ka saka min muryar gawa, sannan ka kira min doka?"

Enoch ya ja kujerarsa baya. Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Na rantse da Allah ban taɓa ganinta ba. Ta waya ta yi rajista, sunan shagonta ma daban. Abin da na sani..."



"Faɗi."

"Ita ta ba mu lambarki. Ta ce akwai wata mai sayar da kasko a Nyanya da kaya ke yawan yanke mata, mu je mu nuna mata. Ta ce a zo ranar aiki, bayan azahar. Ta ce kuma kar a tashi sai an saka miki wannan saƙon. Ni na ɗauka taimakon 'yar'uwar sana'a take yi."

Nabilah ta ƙara matsowa kusa da shi.

"Kaskon da ta yi oda, yaushe za a ɗauka?"

Ya kalli kwamfutar. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Yau. Kafin magariba."

Ta sunkuya ta ɗauki wayarta, ta zari makullin mota.

"Nabilah, ina za ki?" in ji Prudence.

"Ushafa."

"A wannan halin?"

"In za ki, ki rufe ƙofa ki same ni a mota. In ba za ki ba, ki matsa."

Enoch ya tattara kwamfutarsa.

"Hajiya, to maganar manhajar fa?"

Ba ta ko waiwayo ba.

*

Prudence na gefenta a motar, suka wuce unguwar Dutse. Hadari ya sake haɗowa ta gabas, baƙi ƙirin, ya zauna a kan duwatsun Ushafa ya ƙi zubowa.

Rabon Nabilah da hanyar nan tun rasuwar. Mama Monica ita ce mai yi wa Mashkura gini tun shagon yana hoto uku a waya. Bayan sadakar arba'in, Abdulmajeed ya ce zuwa can fama mata ciwo yake yi, ta nemi wasu masu ginin. Ta ga tausayinta ne ya ji, ta bi maganarsa.

Gidan tsohuwar na ƙarshen gari, inda hanya ta zama 'yar siririya ta mutu a gindin dutse. Suka same ta a ƙarƙashin rumfa, tana goge cikin wata tukunya da ɗan dutse mai santsi. A gefenta ga kaya an jere an rufe da leda saboda ruwa. Iska ta ɗaga gefen ledar.

Baƙin kasko mai murfi, mai tsukakken baki. Jeri guda.

"Mama, ina wuni."

Tsohuwar ba ta ɗago ba.

"Kin zo, 'yata. Ta ce za ki zo."

 Nabilah ta durƙusa a nan kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Wa ta ce, Mama?"

"Kin san wa."

"Mama, kin zo ta'aziyya. Kin riƙe ni muka yi kuka tare."

"Na zo. Na yi kuka har idona ya kumbura." Ta ajiye dutsen. "Sai da ranin da ya wuce, ina tsakar kwaɓa yumɓu, waya ya yi ƙara. Na ɗauka. Na ji an ce Maama. Wallahi cikin randa na jefa wayar."

Prudence ta matso ta kama kafaɗar Nabilah.

"Na je wurin fasto, ya yi min addu'a, ya ce mafarkin ido biyu ne. Kwana kaɗan sai aka kira a wayar Felicity. Muryar nan dai. Ta ce kasko take so. Na ce a raina, mai rai ne ko matacce, tunda kasko ya roƙa ba jini ba, bari in gina in rabu da shi lafiya."

"Sai ta zo?"

"Sai ta zo. Fuska a rufe, hannu a safa. Na ba ta kujera, ba ta zauna ba. Na ba ta ruwa, ba ta sha ba. Ta ɗaga kasko ɗaya ta ƙwanƙwasa a kunnenta, yadda ta saba. Daga baya ta ce ta samu wani abu a waya da zai riƙa kirana in kayanta sun yi ƙasa, don fitowa na yi mata wuya."

"Mama." Muryar Nabilah ta karye. "Mutum ce?"

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta.

"Na duba ƙasa ranar da ta fara zuwa. Tana da inuwa. Iyakar abin da na sani ke nan."

"Kuma kika ɓoye min? Ni da nake kai mata addu'a kowace sallah?"

"Ta sa na ɗora hannu a Littafi. Ta ce gidanki yana da kunne."

"Gidana? Mu biyu ne a gidana, ni da..."

Ba ta ƙarasa ba.

Ranar aiki, bayan azahar. Lokacin da Abdulmajeed ke ofis, ba ya leƙowa shago.

Ta girgiza kai da ƙarfi kamar mai korar ƙuda.

"A'a. A'a, Mama."

"Ni ban ce komai ba, 'yata."

Awakin da ke kiwo a bakin hanya suka watse. Wata tsohuwar tasi koriya ta gangaro a hankali, tana kauce wa ramuka, ta tsaya nesa kaɗan da motar Nabilah. Direban dattijo ne, bai kashe inji ba, bai kuma fito ba.

Ƙofar baya ta buɗe.

Ƙafa ɗaya ta fara saukowa, sannan aka jawo ɗayar da hannu aka ajiye ta. Mace ce doguwa cikin baƙar abaya da niƙabi. Ta tako tana jan ƙafar hagu, tana barin layi a cikin laka.

Prudence ta fara karanto addu'a da yarensu.

Matar ta tsaya a bakin rumfar. Ba ta shigo ba.

"Kin rame, Nabilah."

Nabilah ta toshe bakinta da hannu biyu. Kukan ya ƙi fitowa, sai wani sauti kamar na wanda aka shaƙe.

"Ki yi bisimilla ki taɓa ni in kina so. Ba aljana ba ce."

"In ke ce, ki buɗe fuskarki."

"Ba za ki so ba."

"Ki buɗe!"

Matar ta ɗaga hannu ta kwance niƙabin.

Gefen dama Mashkura ce, har da ɗan tabon da ta samu a gira tun suna yara. Gefen hagu kuwa fata ce ta narke ta sake daskarewa, tun daga kunne har wuya, ta ja gefen bakin sama kamar mai murmushin dole.

Prudence ta saki ƙara ta ja baya har ta ture kasko ɗaya ya fashe.

Nabilah ta rarrafa ta kama ƙafar yayarta. Da ɗumi. Ƙafar mutum ce mai jini. Sai a lokacin kukan ya ɓalle.

"Yaya! Yaya, mun yi miki sadaka! Inna ta rasu da sunanki a bakinta!"

"Na sani." Idon Mashkura na dama ya kawo ruwa, na hagun bai kawo ba. "Ina tsallaken titi ranar da aka fito da ita. Ban isa in matso ba."

"Me ya sa? Me muka yi miki?"

"Ku ba ku yi min komai ba. Tashi, ba mu da lokaci."

"Wa ke cikin kabarin da aka nuna mana?"

"Ban san abin da ya nuna muku ba. Ni dai wasu manoma ne suka fasa gilashi suka jawo ni, bayan ya hau titi neman mota. Na yi watanni ban san sunana ba."

"Ya ce ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce a wurin ɓalle ƙofarki hannunsa ya karye."

Mashkura ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Haka ya ce?"

Ta sunkuyo har Nabilah na jin numfashinta.

"Da motar ta tsaya, hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasa. Ya fita ta gefensa. Na ga ya zagayo ta gefena, na ce alhamdulillahi. Na tura ƙofar, ta fara buɗuwa."

Ta ƙara matsowa.

"Sai ya mayar da ita. Ya juya baya ya jingina da ita, Nabilah. Ina bugun gilashi ina kiran sunansa, shi kuwa yana tsaye yana kallon daji, kamar mai jiran a gama yi masa wankin mota."

Mama Monica ta ce, "Yesu," ƙasa-ƙasa.

Nabilah ta saki ƙafar. Mutumin da ta dafa wa shayi yau da safe. Mutumin da ya riƙe ta a bakin kabarin nan yana ce mata ta yi haƙuri.

"Ƙarya ne," ta ce, amma ko ita ba ta ji ƙarfin maganar ba. "Me kika yi masa?"

"Abin da na gani a wayarsa a hanya ne. Zan nuna miki, amma ba a nan ba. Na daɗe ina neman yadda zan kira ki ba tare da ya bi ta wayarki ko ta gidanki ba. Da na ji kina neman manhaja, na ce to ga ƙofa." Ta mayar da niƙabinta. "Shiga tasi. Ki bar motarki a nan. Wa ya san kin taho?"

"Babu kowa. Daga shago muka..."

"Nabilah."

Prudence ce. Tana tsaye a kan fasasshen kaskon, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji. Fuskarta ta yi fari fat.

"Sanda kika ce in rufe ƙofa... na ga kamar kanki ya taɓu. Na ji tsoro kar ki faɗa da mu rami." Hawaye suka zubo mata. "Na kira Oga Abdul. Na ce kin ji murya kamar na Anti Mashkura, kin kama hanyar Ushafa. Wallahi taimako na nema miki. Wallahi ban sani ba."

 Mashkura ta juya ta kalli 'yar siririyar hanyar da ta shigo gidan.

Ɗigon ruwa na farko ya faɗo a kan ledar kaskon.

Sai wayar Nabilah ta fara ƙara.

Sunansa ne a kai.

"Kar ki ɗauka," in ji Mashkura.

Kiran ya katse. Ya sake shigowa.

"In ban ɗauka ba zai gane," in ji Nabilah. Ta share fuskarta, ta danna, ta sa a kunne. "Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam, uwargida." Muryarsa a kwance, mai taushi, yadda yake magana in ya dawo daga masallaci. "Kin fita ba ki gaya min ba."

"Kaya ne suka yanke. Na zo wurin Mama in ga ko..."

"Na gani. Ki tashi daga cikin lakar nan, kin ɓata zaninki."

Nabilah ta ɗago kai a firgice. Ta dubi hanya, ta dubi gonar masara, ta dubi saman dutsen. Babu kowa.

"Sannan ki gaida min Yaya," ya ce. "Ki ce mata kar ta wahalar da ƙafar nan da gudu. Hanyar fita ɗaya ce, kuma a kanta na ajiye mota."